Yis ɗin Uwar Zigmas

Da asuba na tarar da Baba Zigmas durƙushe a ɗakinsa, kunnensa manne da gangar giya. Madara na zo ɗauka da mota, aikina ke nan. Saniya ɗaya ta rage masa, kuma gidansa ne kaɗai ke fitar da hayaƙi a wannan gefen dajin.

"Rufe ƙofa, ɗan Albina! A titi aka haife ka?"

Na rufe. Na nuna gangar na ce, "Mara lafiyar ta tashi?"

"Ko tari ba ta yi ba."

Baƙar giya yake yi irin ta iyayenmu. Ya jiƙa tsiron sha'ir, ya gasa shi a tandar burodi har ya yi baƙi, ya tace, ya zuba yis. Yis ɗin na uwarsa ne, da shi ta zo gidan aure, a kwalba yake ajiye shi cikin rijiya. In an daɗe ba a yi giya da shi ba sai ya mutu. Shi ya sa Zigmas bai daina ba, ko da likita ya hana shi sha, abokan shan kuma duk suna kwance a maƙabartar bayan coci.

A bana sanyi ya wuce misali. Giyar ta fara kumfa, sai ta yi shiru. Ita ce kuma ta ƙarshe, don 'yarsa ta ce bayan Kirsimeti za ta tafi da shi birnin Vilnius, gidan bene, ba tanda ba rijiya.

Na duba ɗakin. Ya janye gadonsa daga jikin tandar da ke ɗumama ɗakin ya ajiye gangar a wurin, ya lulluɓe ta da bargonsa da rigarsa ta fatar tumaki. Shi kuwa a benci yake kwana, bakin ƙofa.

Na ce, "Kawu, sanyi zai kashe ka saboda giyar da ba mai sha."

"Ni na sha sanyi na saba. Ita ba ta iya ba."

Ban yi gardama ba, surutu ba ya ɗumama ɗaki. Washegari na kawo masa bargo da itace, na jibge a bakin ƙofa. Ya leƙo ya ce itacen ɗanye ne.

Haka muka yi ta yi. Kullum in shigo, kullum gangar shiru, tarinsa kuma yana ƙaruwa. Ran nan ina buɗe ƙofa na ji ƙamshi kamar na ɓawon burodi. Ya ɗaga bargon. Kumfa ta taso har bakin ganga.

"Ka gani? Fushi take yi. Halin tsohuwata ne sak."

Ya ɗauko ludayi ya kwashi kumfar ya cika kwalba, ya nufo ni da ita. Na ce, "Ni fa ban iya giya ba."

"Tuƙin ma ba ka iya ba, ga shi kana yi."

Ya buɗe rigata da hannunsa, ya cusa kwalbar a ƙirjina, ya ɓalla maɓallan kamar mai shirya yaro.

"Kada ka yi godiya. Ba a gode wa yis, sai ya lalace."

Ban gode ba. Na tada mota. Ta taga na hango shi yana jan gadonsa shi kaɗai, kaɗan-kaɗan, yana mayar da shi jikin tanda.