Baƙuwarmu ta Shisha da ta ƙi cin abinci

Shekarun baya, lokacin ina karatu a Makka, na taɓa zaman jinyar gizo-gizo. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu dariyar nake yi, amma a lokacin wallahi ko loma ba ta wuce mini da daɗi.

Ina zaune ne a wani ɗan gida a unguwar Shisha, ɗaki da falo a saman bene. A shekarar mahaifiyata ta zo aikin Hajji, da aka gama sai ta dawo wajena tana jiran jirginsu. Maƙwabcina kuma abokina Bahaushe ne haifaffen Makka, kakansa ne ya zo Hajji bai koma ba. Direban bas ne, Hausarsa rabi Larabci. Bayan Hajji aiki ke yi musu yawa, jigilar alhazai zuwa Madina, sai ya yi makonni bai kwana a gida ba.

Ranar da zai tafi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa rungume da akwatin gilashi. Na leƙa ciki, na yi baya har na take wa mahaifiyata ƙafa. Gizo-gizo ne, amma ba irin tautau ɗinmu na bayan ƙyaure ba. Wannan ya cika tafin hannu, ga gashi buzu-buzu. Tarantula ake ce masa, wai kuma mace ce.

"Ya ahi, ɗan'uwana, amana ce," in ji abokina. "Ta ƙanena ce, Allah yarhamu. Ita kaɗai ya bari."

Ƙanen nasa ya rasu shekarar da ta gabata. Tun daga nan abokina bai ƙara ambatarsa ba, sai dai nakan jiyo shi ta bango yana yi wa akwatin nan hira. Ya miƙo mini robar gyare masu rai, ya ce in riƙa jefa mata ɗaya lokaci-lokaci, kada kuma ruwanta ya ƙare. Ya sauka a guje, bas na jiransa.

Mahaifiyata ta daɗe tana kallon akwatin, ta ce, "Ikon Allah. Mutane na kiwon tumaki, su kuma gizo." Amma daga ranar ta raɗa mata suna Baƙuwa, kuma a wajen mahaifiyata baƙo bai isa ya ce ya ƙoshi ba. Duk wanda ya ƙi abinci, a ganinta, ko dai ciwo yake ko fushi.

To, Baƙuwa ta ƙi ci. Gyare zai zo ya wuce ta gabanta yana taƙama, ita kuwa sai ta ɗaga ƙafa ta juya masa baya. Yau haka, gobe haka. Cikinta ya yi duhu, ta daina yawo, ta saƙa yana ta toshe bakin ɗan raminta.

"Wataƙila gyaren Larabawa ne ba ta so," in ji mahaifiyata. Ta kwance ƙullin soyayyar farar da ta zo da ita daga gida, ta karkaɗe yajin tsaf, ta ajiye mata. Ko kallo. Ta gutsura mata kilishi. Ko kallo. Daga ƙarshe ta zubar da ruwan famfon da na sa, ta cika mata ɗan murfin shan ruwanta da zamzam.

Za ku ce me ya hana ni dubawa a waya. Na duba kuwa, da Larabci, abin da ya fito mini hanyoyin kashe gizo-gizo ne da tallan maganin feshi. Na rufe.

Abokina ya kira sau ɗaya daga hanya, ya tambayi lafiyarta. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Kun san mu, ko a gadon asibiti muke amsar ke nan. Mahaifiyata ta gyaɗa kai ta ce na yi daidai, wanda ya ɗauko alhazai cike da mota ba a ɗaga masa hankali. Ranar ce kuma ta sa na kwashe gyaren da ke cikin akwatin, wai mara lafiya na kwance suna yi mata kiɗa a ka.

Ranar da abokina zai dawo, na shigo daga sallar asuba na tarar da ita a rigingine, ƙafafu a sama, ba motsi. Ni da ke ƙyamar ta, sai ga ni ina salati a kanta. Abin da ke cina shi ne fuskar abokina in ya shigo, da wace kalma zan ce masa abin da ƙanensa ya bari ya mutu a hannuna.

Mu dai ba ma barin gawa ta wuni. Na ɗauko cokali da farin ƙyalle, da niyyar in haƙa mata ɗan rami a gindin bishiyar da ke bayan gidan, in ya zo in nuna masa wurin. Na buɗe murfi na zura hannu ke nan, sai na ji ɗas a bayan hannuna.

"Da izinin wa?" in ji mahaifiyata. "Taka ce?"

"Inna, zafi ake yi. Kafin yamma za ta yi wari."

"Ta yi. Mai ita bai gan ta ba za ka kai ta? Ka bar yaron nan ya yi sallama da abin ɗan'uwansa."

Ta kwance ɗankwalinta ta lulluɓe akwatin, ta jawo darduma ta zauna gefensa da carbi. Nan ta wuni. Ni kuwa na shige ɗaki ina haɗa kalmomin ta'aziyya da Larabci.

Bayan la'asar na ji ta ƙwala mini kira, "Kai! Fito! Baƙuwa ta haihu!"

Na fito ba takalmi. Ta ɗaga gefen ɗankwalin, ga gizo-gizo biyu. Ɗaya a yashe kamar yadda na bar ta, ɗayar kuwa tana miƙa ƙafafu a hankali, sabuwa fil, tana sheƙi. Muka tsaya muna kallon juna, ba wanda ya san wa zai yi wa barka.

Da abokina ya iso na yi masa bayani ina in'ina. Ya leƙa, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Ba haihuwa ba ne, ya Hajja. Riga ta canja."

"Au, saɓa ta yi kamar maciji?" in ji mahaifiyata.

Ya ce haka suke. In lokacin ya matso sai su bar abinci makonni, sannan su kwanta a rigingine su fita daga tsohuwar fatar. A wannan halin ko taɓa ta aka yi tana iya mutuwa, gyare ma yana iya cizon ta saboda jikin ya yi laushi. Na sa ƙafa na tura cokalina ƙarƙashin kujera. Sai kuma ya ce ƙanensa kan zauna gadin ta duk lokacin da za ta yi, wannan ne na farko tun rasuwarsa. Ya tashi ya sumbaci kan mahaifiyata yadda mutanen Makka ke yi wa iyaye, idonsa ya ciko. Tsohuwar fatar kuma ya bar mana, na sa ta a gwangwanin shayi, har yau tana wajena.

Ina kewar gidan nan sosai. Ƙamshin kunun mahaifiyata da ƙarar bas-bas a ƙasa, da mu biyu durƙushe muna lallashin gizo. A can na fara gane cewa wani lokacin kulawa ita ce mutum ya janye hannunsa, ko da yake ban gama ganewa ba sai da muka dawo gida, shekaru suka ja, ciwon ajali ya kwantar da mahaifiyata.

Ta daina ci. Ni kuwa ɗanta ne, irin tarbiyyarta ce a jikina, kullum ina bakin gado da kofin kunu ina roƙo, ko cokali ɗaya, Inna, don Allah. Wata safiya ta dube ni ta yi murmushi, muryarta can ƙasa.

"Kai dai ba ka ji. Ka manta Baƙuwarmu ta Shisha? Ƙyale ni, riga zan canja."

Na ajiye kofin, na jawo darduma na zauna a gefenta da carbi. Allah ya jiƙan ta, a duk abin da ta taɓa sa ni, ajiye kofin nan ya fi yi mini wuya.