Madubin Bindigar Baba

A ɗakinmu na unguwar Kudai, nan ƙasa mai tsarki, ƙarƙashin katifar Baba, akwai madubin bindiga naɗe cikin tsohon harami. Bindigar kuwa tana can gida, tun shekarar da muka zo aikin Hajji ni da shi muka ƙi komawa. Madubin irin wanda ake cirewa a mayar ne, da ƙafafu biyu na ƙarfe da 'yan hannuwa da ake murɗawa. Na sha yi masa faɗa a kansa. Mutum ba iƙama, takardar izinin zama, a garin da ko tantabara ba a kora, me ya haɗa shi da kayan farauta? In 'yan shurɗa, wato 'yan sandan garin, suka gani, me za mu ce? Sai ya yi kamar ba da shi nake ba.

Baba maharbi ne a da. In ya soma zancen harsashi, abinci sai ya huce. Ya ce mai taushin kai shi ake sa wa gwanki, don yana buɗewa cikin nama ya tsaya, mai taurin kai kuwa ratsawa yake ya wuce. Ya kan ce dokar madubi ɗaya ce: in ka cire ka mayar, fara harbin kututture ka ga ko saitin ya goce. Sauran labarin kuwa na san shi.

Ran da abin ya faru, ruwa ya sa ya cire madubin. Da ya mayar, harsashi biyu suka rage masa, ya ji ƙyashin ɓata ɗaya a kan icce. Ya auna gwanki, harbin ya goce hagu, inda amininsa ke durƙushe yana tare masa hanya. Gari ya ce ƙaddara ce. Ƙanin mamacin, wani mai ɗingishi da tabon ƙuna a kunci, shi ne Baba bai taɓa iya zuwa gabansa ba.

Duk lokacin Hajji, da hantsi, Baba ya kan hau saman bene ya sa madubin a ido yana bin mutanenmu da ke shiga motoci. Ya ce yafiyar ƙanin nan yake nema kafin ya mutu. Ina dafa abincin sayarwa ina jin takunsa a saman kaina, abin yana ba ni tsoro.

Wata shekara aka bugo daga gida aka ce ƙanin mamacin ya sami kujerar Hajji. Kwana biyar Baba yana sama har la'asar. Na gaji na hau na karɓi madubin, na ce idonsa ya tsufa. Ban daɗe ba na hango mutumin, yana ɗingisawa da 'yar jakarsa, zare biyu na cikin madubin da suka gitta juna daidai ƙirjinsa.

"Baba, ga shi can. Tashi mu sauka."

"Ba shi ba ne," ya ce, bai ko ɗago ba.

Raina ya ɓaci, na rantse masa shi ne, har tabon na gani.

"Na sani, 'yar nan. Tun ran farko nake ganinsa. Da na sa ƙafa a matakala sai in ga yayansa tsaye kusa da shi."

Na mayar da madubin ido. Ba kowa kusa da shi sai ƙofar mota, ya kama ya hau.

Da suka dawo daga Arfa ban sake ganinsa ba, ga shi na duba har na gaji. Baba ya rasu kafin wata Hajjin. Har yau ina jin haushin kaina da ban sauka ni kaɗai na kamo hannun mutumin nan ba. Bene uku ne kawai.