Awon da Ba a Yi Ba

Har gobe ban manta da wata Alhamis ba, ranar kasuwar Shinkafi, a daminar farko bayan ƙaddamar da shari'a a Zamfara. Ni ce babbar nas a wani ƙaramin asibiti na yankin, bayan na yi aiki a Ikko da Maraɗi da Jidda. Mu biyu ne nas mata a asibitin, ɗayar kuma tana jego.

Da hantsi aka kawo wata Bafulatana daga wajen Jangeru, sunanta Dije. Saniya ce ta harbe ta a ciki wurin tatsa. Likita ya duba ta kafin ya tafi taro Gusau da motar asibiti, ya ce a riƙa auna bugun hannunta duk rabin awa. Ga wanda bai san aikin ba, idan jini na zuba cikin ciki ido ba ya gani. Bugun nan ne ke tonawa, ya yi sauri, ya yi rauni. Da an ji haka sai Ƙaura, inda ake tiyata.

Na ɗora wa Lawali aikin, sabon nas ɗan gidan malamai daga Zurmi, mai tsafta da kyan rubutu. Ni kuwa na shiga ɗakin haihuwa kan wata naƙuda mai wuya.

Sai bayan azahar na fito. Takardar gadon Dije a cike take, kowane awo lafiya lau. Na gaishe ta da Fulatanci, ta amsa cewa lafiya. Amma na zauna da Fulani, na san Bafulatana ba ta raki gaban baƙo. Na kama hannunta. Sanyi ƙalau, ga gumi, bugun kuwa da ƙyar na same shi.

Na kira Lawali na ce ya auna a gabana. Ya toge nesa da gadon.

"Sista, tun da anka kawo shari'a na bar taɓa matan mutane."

"To waɗannan lambobin fa, daga ina?"

Wai yana duba fuskarta ne, kuma duk ya tambaye ta sai ta ce lafiya.

Babu wanda ya ba mu wannan umarni. A Jidda ma na ga maza masu gudun sashen mata, amma sukan ce a kira mace. Ƙofa ɗaya ce tsakanina da shi, ya ƙi ƙwanƙwasawa, ya zauna yana ƙaga lambobi.

Na ɗaura mata ruwa, muka roƙi wani mai fataucin hatsi motarsa, muka kama hanyar Ƙaura. Saifarta ce ta fashe. Likitan tiyata ya ce da mun ƙara jinkiri kaɗan, gawa za mu sauke.

Washegari sakataren asibiti ya miƙo mini sabuwar takarda, wai a sake cikawa don rufin asirin gida. Na ce ban karanci aikin nan don na gyara ƙarya da ƙarya ba, na haɗa tsohuwar takardar da rahotona.

Mahaifin Lawali, dattijon malami, ya zo tare da ɗan nasa roƙon a yafe masa. Na shimfiɗa masa takardar, na bayyana masa abin da kowane layi ke nufi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga ɗansa.

"Lawali, hannunta kaka tsoro, ba ka tsoron shaidar zur? Wa ya karantar da kai hakanga? Ba dai ni ba."

Ya ce mini, "Hajiya, na janye roƙona."

An dakatar da Lawali. Da ya dawo, ya tarar an maido ta asibitinmu, da kansa ya nemi ya riƙa wanke wa Dije ɗinkinta.

Ku da ke tasowa a aikin nan, kowa na da abin da zuciyarsa ke ƙi, ba laifi ba ne. Faɗi, a nemo wani. Amma takardar nan shaida ce kan ran mutumin da ba zai iya karanta ta ba. Abin da hannunka bai ji ba, kada alƙalaminka ya rubuta.