Yaya Lawal da famfon da ba a gama ɗumamawa ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka yi wa yayana Lawal sutura a gidanmu na Kusfa. Har gobe in damina ta sauka sai ya faɗo mini a rai, domin damina ce ta ci shi.

A wata masana'antar narka ƙarfe yake aiki, shi ke kula da famfon da ke zuƙo narkakken ƙarfe daga tukunya. Kafin a tsoma famfon, sai an rataye shi a bakin wuta, zafi ya ratsa shi sannu a hankali, sannan a riƙa sauke shi kaɗan-kaɗan. Ko ɗan danshi ya rage a jikinsa, da ya taɓa narkakken ƙarfe sai fashewa. Abokan aikinsa suna tsokanarsa wai lallashin amarya yake yi. Shi kuwa sai ya ce sauri ya haifi nawa.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Ya rataye famfon ya tafi sallar Azahar. Wani abokin aikinsa ya taɓa jikin famfon da bayan hannu, ya ji zafi, ya ɗauka ya isa. Yaya na dawowa ana sauke famfon da sauran danshi a jikinsa, sai ya fashe a gabansa. Kwana biyu ya yi a asibiti, rai ya yi halinsa. Mun yafe wa mutumin, amma ni dai zuciyata ba ta daina ciwo ba.

Yanzu an ce akwai na'urar da ke auna zafin. Da Yaya na nan, na san zai yaba, ya kuma ƙara jira bayan na'urar ta ce ya isa.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa Nura ya karanci wannan fanni, bana aka ɗauke shi irin aikin. Mahaifiyarsa, Hajiya Binta, ta ce sai dai bayan ranta. Na yi ta sintiri ina ba ta baki.

Yaya bai bar gida ko gona ba. Haƙurin nan ya bari, ina kuma ganinsa a jikin Nura, wanda ya ƙi tafiya sai da yardar uwarsa. Makon jiya ta kira shi gabana.

"Je ka, Allah ya tsare," in ji ta. "Amma in za ka salla, kada ka bar wa kowa famfon nan."