Kwamfutar da Fankarta Kawai Ke Juyawa

Na haura arba'in kafin na iya rubuta sunana, a ajin manya na yamma a Unguwar Mu'azu. Shara nake yi a wani ofishin gwamnati, sai aka ce duk mai takardar sakandare zai iya komawa kan tebur in ya ci gwajin buga rubutu a kwamfuta. Takardar ina da ita, daga ajin nan na ci gaba har na samo ta da gumina. Saura yatsu. Na sayi kwamfutar tebur ta hannu, 'yar Beljiyam, irin wadda kamfani ya haɗa ya rufe abinsa, na fara koyo. Ban yi nisa ba aka kawo wuta da ƙarfi wata ranar Asabar, ta yi ɗas, ta mutu.

Mai gyara a Tudun Wada ya buɗe ta ya ce akwatin wutar da ke cikinta ne ya ƙone, wanda suke kira pawa. Ya miƙa wa maigidana sabo a kwali, yana cewa duk pawa pawa ce, ko mace ma za ta iya sawa. Ina tsaye a wurin.

Da muka dawo gida, abu ya ƙi shiga. Filogin sabon faɗi gare shi kamar mataji, ramin da zai shiga a cikin kwamfutar kuwa ɗan ƙarami. Ashe kamfanin da gangan ya yi haka, don kada kayan kowa su shiga sai nasa. Wai manyan masu ilimi ne suka zauna suka ƙirƙiro wannan rowar.

Maigidana ya kira maƙwabcinmu, wani dattijo ɗan Filato da ya yi aikin lantarki a masaƙa kafin a rufe ta. Mutumin kirki ne, amma bai taɓa ganin wayar da ya yarda ta fi ƙarfinsa ba. Ya yanke filogin tsohon, ya yanke na sabon, ya shiga haɗawa launi da launi, baƙi da baƙi, rawaya da rawaya. Waɗanda suka rasa abokin aure ya naɗe su da salatif ya tura gefe. Akwatin ma bai zauna a gurbinsa ba, suka ɗaure shi a waje da robar tayar keke. Aka danna. Fanka ta juya.

Ka ga murna wurin mazan nan biyu, har da musabaha. Allon kallo baƙi ƙirin, ba ko ɗigo.

Na ce, "Baba, ina rubutun?"

"Maman yara, wuta ta shiga. Ba kya jin iska?"

"Fanka ina da ita a ɗaki. Kwamfuta na saya."

Maigidana ya ce in bar mutane su yi aikinsu, wataƙila ma ni na danna wani abu tun farko. Wannan maganar ita ce ladana.

Na koma wurin mai gyara ni kaɗai. Sai a ranar ya tuna cewa irin wannan ba a sayar da pawarta a kasuwa, sai an ciro daga 'yar'uwarta. In yi haƙuri, in ji shi, har ta wani ta mutu da wata cutar daban.

Gwaji bai jira mutuwar kowa ba. Na ɗora madannin haruffan kwamfutar a kan faranti, kullum bayan la'asar ina bugawa ba allo, ina faɗin haruffa da baki. Yatsuna suka yi sauri, na ma fara jin kaina. Ranar gwaji na ɗaga kai na ga abin da nake bugawa: hannuna ya goce gefe da harafi ɗaya, layi bayan layi ba kalmar da za a karanta. Duk kwanakin nan ba wanda zai nuna mini kuskure, balle in koyi goge shi da sauri. Na faɗi. Aka ce sai zagaye na gaba.

Washegari daga ofis na wuce shagon mai gyara, na janye kujerarsa, na zauna gaban kwamfutarsa mai aiki. Ya ce, "Hajiya, lafiya?"

Na ce lafiya lau, a nan zan riƙa koyo har tawa ta tashi, kuma kada ya tsaya mini a kan haske. Ya dubi masu jiransa, ya ɗauko benci ya zauna a waje.