Mai Barci a Cikin Bas

Mai zanen barkwanci na wata mujalla ba shi da mota, don haka a bas yake tsintar fuskokin da yake zanawa. Wata safiya wata mata ta hawo ofishinsu riƙe da mujallar, ta nuna masa wani mai tumbi da ya zana yana sharar barci baki buɗe.

"Maigidana ne," in ji ta. "Bara ya rasu."

Mai zanen ya yi mata ta'aziyya, ya ce zai sake zana marigayin cikin kamala.

"A'a, Malam, wannan nake so. Haka yake barcinsa, har autarmu ta gane shi."

Ya ciro ainihin zanen daga durowa, ya miƙa mata da hannu biyu.