Faifan da Na Gurje a Garmahon Iya Risi

Ni ce na kashe wa babanmu aiki, ina 'yar shekara tara, da faifai guda ɗaya wanda faɗinsa bai wuce murfin kwanon miya ba. Wata Asabar ce da hantsi, cikin damina, saura shekara ɗaya a ba mu 'yancin kai. An sha ruwa tun asuba, layinmu na Tudun Wada a Jos duk ya zama jan taɓo, Inna ta tafi kasuwar Taminus cefane, ni kuma na kwanta rub da ciki na jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Baba.

Akwatin ba namu ba ne. Baba direba ne na wani Bature injiniyan kuza da ke aiki wajen Kuru, mutumin Ostireliya, wanda leburori suka laƙa wa suna Jan Wuya don rana ta gasa masa ƙeya. An tura shi daji neman sabon wurin haƙa, gidansa kuma yana yoyo, shi ne ya ba Baba ajiyar kayan da yake ji da su. Baba ya ce mana, "Wannan akwati, ko kallonsa kada wani ya yi." Amma na riga na leƙa ranar da aka kawo shi, na ga ɗan faifai a cikin kwali ruwan ɗorawa, da hoton samari huɗu sun shafe gashi da mai yana ƙyalli, ɗaya mai wushirya riƙe da sandunan ganga.

A lokacin garmaho ɗaya ne tak a layinmu, na Iya Risi, Bayerabiya mai sayar da atamfa, uwar ƙawata Risi. In mun gama ɗebo ruwa a famfo, mun tsince tsakuwar acca, mun wanke kwanuka, can muke zubewa a barandarta muna 'yar carafke tana sa mana manyan fayafai baƙaƙe masu nauyi. Risi kuwa akwai iyayi. Kullum sai ta ce, "Ku gidanku ko rediyo babu, sai tarin ɗumamen tuwo." Abin ya daɗe yana cina. Shi ya sa ranar na cusa faifan a zani na ruga, ina shiga na ce, "To ga namu, daga Turai ma ya zo, ba irin naku na kasuwa ba."

Iya Risi ta juya shi a hannu, ta lanƙwasa shi kaɗan, ta ce, "Wannan ai jariri ne, Talatu. Roba ce ma. Zai yi magana kuwa?" Ita ba ta yar da allura. In ta dushe sai ta wasa ta a kan dutsen niƙa har ta yi tsini, ta mayar. Irin wannan ta ɗaura, ta wana hannun garmahon, ta sauke kan allurar bisa faifan. Allurar ta yi tsalle. Sai ta yi abin da kowa ke yi, ta ɗora kwabo biyu a kai don ya danne sosai. Kiɗa ya ɓarke a guje, muryoyi sirara kamar ɓeraye na faɗa a rumbu, ganga kamar ƙanƙara a kan kwano. Wallahi mun sha dariya har da birgima. Yaran layi suka cika barandar, muka ƙirƙiro rawa nan take, muna ta "a maimaita, a maimaita!" Waƙa biyu ce a kowane gefe, muka ji su gaba da baya ban san sau nawa ba. Wani baƙin zare yana ta nannaɗowa daga ƙarƙashin allurar kamar gashi, Iya tana hurewa tana cewa datti ne. Ranar ni ce sarauniya. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ban sake ba.

Ba mu san cewa irin wannan faifai injinsa daban ba ne, mai tafiya a hankali, mai allura marar nauyi. Zaren da Iya ke hurewa jikin faifan ne muke ferewa. Kafin azahar kiɗan ya koma shuu kamar ana soya ƙosai. Na ga fuskar faifan ta yi toka-toka, na tofa yawu na goge da bakin zani, na koma gida na mayar cikin akwati na tura ƙarƙashin gado.

Bayan mako biyu Jan Wuya ya dawo, ya zo da kansa ɗaukar kaya. Ina bayan ƙyaure ina leƙe. Bai duba agogo ba, bai duba takardu ba, faifan ya fara zarowa. Ya ɗaga shi a rana, ya daɗe yana kallo, sai kawai ya zauna a kan matakin mota. Da ihu ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya nuna mai wushiryar nan a jikin kwalin, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ƙanena. Ya mutu bara. Kaɗan aka buga, babu wani." Ya tambayi wa ya taɓa. Baba ya waiwayo, idonsa ya sauka daidai inda nake, sannan ya juya ya ce, "Ni ne, oga."

Ba a zage shi ba, ba a kai shi ko'ina ba. An dai karɓi makullin mota, kuma ba a ba shi takardar shaida ba, a lokacin kuwa direban da ba shi da ita babu Baturen da zai ɗauke shi. Mutumin da ke sa farin kaki da guga, yara na binsa in ya faka mota, ya koma wankin kuza, tsaye cikin ruwan sanyi daga safe har la'asar. Ƙafafunsa suka tsattsage, tari ya kama shi, tarin da bai sake shi ba har ya rasu ina budurwa. Aka cire yayana daga makaranta. Inna ta fara tuyar masa a ƙofar gida. Iya Risi ta rufe garmahonta da tsumma, in ta gan ni sai ta kau da kai.

Baba bai taɓa dukana a kan maganar ba, bai ma taɓa tayar da ita ba. Ni kuma kullum ina cewa gobe zan durƙusa in ce masa ni ce. Ina kai masa ruwan zafi ya gasa ƙafa, in buɗe baki, sai in ji na ce, "Sannu Baba." Ya ce, "Yauwa uwata." Shi ke nan abin da muka iya.

Yanzu ga ni da furfura ina zuwa ajin manya, jikata ta koya mini latsa waya har ina tsere mata a rubutu. Duk waƙar da mutum ke so, ya danna ta fito, ya ji ta sau dubu ba ta ƙarewa. Jikata ta ce Turawa na neman irin waɗannan ƙananan fayafai ido rufe don sun yi wuya. Mun duba hotuna har idona ya yi ruwa, ba mu ga samarin nan huɗu ba. Sunansu ma ban sani ba, lokacin ban iya karatun boko ba. Babu wanda ya rage da zan mayar wa, babu wanda zan ba haƙuri. So nake kawai in ji abin da babana ya biya da lafiyarsa, sau ɗaya, da muryar mutane.

In akwai tsofaffin fayafan zamanin kuza a gidanku, a Jos ko Bukuru ko Kuru, ku duba mini mai kwali ruwan ɗorawa. Don Allah ku tura wa wasu.